Yadda ake ɗaukar hoton fili da tsauni cikin natsuwa

Yawancinmu in muka isa wuri mai kyan gani, bakin tafki ne ko gindin tsauni, ko numfashi ba ma gama saukewa hannu ya kai ga kyamara. Danna nan, danna can, kafin minti goma memori ya haɗiye hoto tamanin. A koma gida a buɗe kwamfuta, sai a tarar duk kansu ɗaya, kuma babu wanda ya kama ƙafar abin da ido ya gani. Daga nan sai a ɗora wa kyamara laifi, a fara tunanin sayen wata. Na yi wannan shekara da shekaru kafin na gane cewa matsalar tana tattare da ni: ina ɗaukar wurin tun ban gan shi ba.

Ga tsarin da nake bi yanzu. Ba ya bukatar kayan tsada, mai waya ma zai iya bin mafi yawansa. Abin da yake ci shi ne lokaci.

Tun daga gida

Ka zaɓi wuri ɗaya tak. In ka tsara zagaya wurare huɗu a yammaci guda, ka riga ka ɗaura wa kanka sauri tun ba ka fita ba, domin duk inda ka tsaya zuciyarka tana wurin da ke gaba.

Sannan ka san lokacin fitowar rana ko faɗuwarta a ranar, da kusurwar da za ta bi. Mutane da yawa sun ɗauka kullum rana daga tsakiyar gabas take fitowa, alhali wajen 20 ga Maris da 23 ga Satumba ne kawai take yin haka. A watan Yuni takan karkata arewa, a Disamba ta karkata kudu, kuma tazarar da ke tsakanin iyakokin biyu ta kai digiri 47 ko a tsakiyar duniya, wato kan layin da ya raba duniya arewa da kudu, ta fi haka in an nausa arewa ko kudu. Saboda haka fuskar dutsen da haske ke daka a Disamba tana iya zama cikin inuwa a Yuni. Manhajoji irin su PhotoPills da The Photographer's Ephemeris suna zana maka layin rana da na wata a kan taswira. Ka duba su a gida, don kada ka je can ka ɓata lokacin kallo wajen latsa waya.

Ka lissafa yadda za ka isa aƙalla sa'a ɗaya da rabi kafin hasken da kake nema. Ka ɗauki tocila, ka gaya wa wani inda za ka, domin tsarin nan zai kai ka duhu.

Minti ashirin na farko, kyamara na cikin jaka

Wannan shi ne matakin da ya fi wuya, kuma shi ne ginshiƙin sauran. Ka ajiye jaka, ka nemi wuri ka zauna. Wayarka ta koma aljihu, a kashe mata ƙara.

Minti biyar na farko za ka ji kamar ana tsikarinka. Gajimare zai yi wani kyau, zuciya ta ce maka yanzu ko ba yanzu ba. Ka ƙyale shi ya wuce. Abin da ido ke fara cafka a sabon wuri shi ne abin da kowa ke gani, wato mafi girma da mafi haske, kuma hoton da za ka yi da shi dubban mutane sun riga ka yin sa. Sai wannan ɗokin ya lafa ne ƙananan abubuwa ke fara fitowa: wata 'yar hanya da ta ratsa ciyawa ta nufi tsaunin, bishiyar da ta ware ita kaɗai, yadda ruwa ya yi duhu a gefe guda ya yi fari a ɗaya gefen.

Don kada zaman ya zama na banza, ka ba idonka aiki. Fara da haske: daga ina yake zuwa, mai kaifi ne ko mai laushi, me ya taɓa, me ya bari? Sai ka koma kan abin da ke motsi. Gajimare wane ɓangare ya nufa? Ka zaɓi guda ɗaya ka ƙirga daƙiƙa nawa inuwarsa ta ɗauka kafin ta ƙetare kwarin, domin wannan lissafin zai yi maka rana an jima. Iska kuma ba ta kaɗawa bai ɗaya, takan taso ta lafa ta sake tasowa. Ka lura da ciyawa za ka ga tsakanin tasowa biyu akwai ɗan sarari da komai ke tsayawa cik. In bakin teku ne, ka ƙirga igiyoyin ruwa, za ka ga manya na zuwa a jere sannan ƙanana su biyo baya, kuma ka lura ko ruwan cikowa yake ko janyewa, saboda a yawancin gaɓoɓi yana cika sau biyu a yini, tsakaninsu kamar sa'a 12 da minti 25. Wannan bai tsaya ga hoto ba, mutum na iya shagala a kan dutse ruwa ya zagaye shi.

Kunne ma yana da rabonsa. Sau da yawa ƙarar ruwa ce ke nuna maka ƙoramar da ba ka hango ba.

Kuma ka juya baya. Masu jiran faɗuwar rana duk yamma suke fuskanta, alhali hasken da ya fi daɗi sau da yawa yana bayansu, yana zuba a kan duwatsun gabas.

Faɗi abin da ya tsayar da kai

Kafin ka tashi daga zaman, ka gaya wa kanka a jimla ɗaya abin da kake son ɗauka. "Wurin nan yana da kyau" ba amsa ba ce. Amsa ita ce irin: "bishiyar nan ita kaɗai a gaban baƙin hadari," ko "layukan tuddai huɗu, kowanne ya fi na gabansa dusashewa." In jimlar ta ƙi fitowa, ba ka gama kallo ba, ka ƙara zama.

Amfanin jimlar shi ne ita za ta yanke maka hukunci a kan duk abin da zai biyo baya. Duk abin da ba ya cikinta, ko dai ya taimaka mata ko ya fita daga hoton.

Ka yi tafiya da ƙafa, da ido ɗaya

Har yanzu ba a kafa ƙafa-uku ba. Ita ƙafa-uku, wato matokarin da ake ɗora kyamara a kai, tana da wani hali: duk inda ka fara dasa ta, nan za ka ƙare, saboda ƙyuyar ɗagawa. Don haka ita ce ta ƙarshe.

Ka yanki kwali ka huda masa taga mai kusurwa huɗu, tsawonta uku faɗinta biyu, daidai da siffar hoton yawancin kyamarori. In babu kwali, yatsun hannu biyu sun isa. Ka rufe ido ɗaya ka leƙa ta tagar. Dalilin rufe idon shi ne kyamara da ido ɗaya take gani. Idanunka biyu ne ke raba maka bishiya da dutsen da ke bayanta, amma a hoto sai su manne su zama abu guda. In ka matso da kwalin kusa da fuska, kana ganin abin da idon kyamara mai faɗi zai ɗauka. In ka miƙa hannu, ka koma mai jawo nesa.

Yanzu ka zaga. Taku biyar hagu, taku biyar dama. Durƙusa har gwiwa ta taɓa ƙasa, sannan ka hau wani dutse ka leƙo. Za ka yi mamakin yadda taku biyu kacal ke raba reshe da ƙololuwar tsauni, ko ya sa 'yar hanyar nan ta shigo daga kusurwar hoto maimakon ta yanke shi biyu. Jawo hoto da zum ba ya yin wannan aikin, girman abu kawai yake canzawa. Ƙafa ce ke canza yadda na gaba da na baya suke zaune da juna.

Abubuwa uku nake dubawa a nan. Na farko gefunan hoton, domin a nan ɓarna ke ɓuya: rabin reshe, wayar lantarki, wani farin abu da zai janye ido. Na biyu inda sama ta haɗu da ƙasa. In sama ce ke da labari a ba ta kaso mafi yawa, in ba ta da komai a rage ta, ko ma a fitar da ita gaba ɗaya, babu dokar da ta ce sai da sama a hoton fili. Na uku, me ke gaba-gaba da zai riƙe ido kafin ya wuce ciki.

Sai ka sami wurin da ka gamsu da shi, ka ajiye ɗan dutse alama, ka je ka ɗauko kaya.

Saiti, a gama shi da wuri

Nan ba sai an daɗe ba. ISO, wato ma'aunin ƙarfin jin haske na kyamara, a 100 ko mafi ƙanƙantar da kyamararka ke da ita. Ƙofar haske tsakanin f/8 da f/11. In ka matse ta har f/22 kaifin hoton raguwa yake yi. Ka saita kaifi a kan abin da ya fi muhimmanci, in kuma kana son gaba da baya duk su fito, ka sa shi wajen kashi ɗaya cikin uku na zurfin filin, ka ɗauki gwaji ka faɗaɗa shi a allo ka tabbatar. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. Ka sa jinkirin daƙiƙa 2 don kada taɓawar yatsa ta girgiza kyamara. Ka duba jadawalin haske da ake kira histogiram, in ya jingina da bangon dama to farin ya ƙone, ka rage.

Tsawon ƙiftawar kyamara, wato lokacin da take buɗe wa haske, shi ne kaɗai ke bukatar tunani, kuma kallon da ka yi ɗazu shi zai ba ka amsa. Ruwa mai gudu a 1/500 na daƙiƙa yakan daskare ɗigo-ɗigo, a rubu'in daƙiƙa ko rabi yakan yi zare-zare, a daƙiƙa 30 kuma ya kwanta sumul kamar hazo. In rana ta yi yawa kuma kana son doguwar ƙiftawa, akwai baƙar filta mai rage haske mataki goma, wato sau 1,024, wadda ke mayar da 1/60 ya koma kamar daƙiƙa 17.

Ka gama wannan duka tun hasken bai zo ba, don in ya zo kada ya same ka kana laluben maɓalli.

Jira

Yanzu ka ɗauke ido daga allon kyamara ka mayar kan filin. Hoton ya riga ya zauna, abin da ya rage haske ne, kuma haske yana da lissafi.

Duniya na juyawa digiri 15 a kowace sa'a. Faɗin rana a sama kamar rabin digiri ne, don haka cikin minti biyu take matsawa da faɗin kanta. In ka miƙa hannu ka dunƙule shi, faɗin dunƙulen kamar digiri 10 ne. Ka auna dunƙule nawa ke tsakanin rana da bakin ƙasa: kusa da tsakiyar duniya, inda rana ke faɗuwa a miƙe, kowane dunƙule wajen minti 40 ne, a ƙasashen da ke can arewa ko kudu kuma ya fi haka saboda a karkace take sauka. Da wannan za ka san ko kana da sauran lokaci ba tare da ciro waya ba.

Ga abin da ya sa ake jiran ta yi ƙasa. In rana tana digiri 45 sama da ƙasa, inuwar abu daidai take da tsayinsa. In ta sauko digiri 10, inuwar ta kusa ninka tsayin sau shida. Tudun da da tsakar rana ya yi kama da shimfiɗaɗɗiyar tabarma, yanzu kowane ƙunci da kowane kwari nasa ya fito. Launin ma ya canza, domin hasken yana ratsa iska mai kauri, shuɗin cikinsa ya watse a hanya, ja da ruwan zinariya su iso.

A ranar da gajimare ke yawo kuwa, hasken tafe yake gunduwa-gunduwa. Ka hango inda ya faɗo a can nesa, ka tuna lissafin da ka yi na saurin inuwa, za ka iya cewa nan da minti ɗaya zai iso kan bishiyata. Yatsa a kan maɓalli, ido a kan fili. In ciyawa ko ganye na cikin hoton, ka haɗa da lafawar iska. Wani lokaci biyun ba sa haɗuwa sai an yi jira na rabin sa'a, wani lokaci ma ba sa haɗuwa sam.

Wata dabara da ta gyara mini hali ita ce ƙayyade adadi. Masu tsohuwar kyamara mai fim na 120, wadda ke fitar da hoto murabba'i, hoto 12 kawai suke samu a nadi guda, masu babbar kyamarar akwati kuwa fim ɗaya hoto ɗaya. Ka yi wa kanka iyaka irin wannan, ka ce yau 12 ne. Za ka ga kafin kowace dannawa sai ka tambayi kanka ko ta cancanta.

Akwai mai cewa ai haske ba ya jiran kowa, mai nawa shi ke asara. Gaskiya ne, kuma labarin da aka fi bayarwa a kan haka na Ansel Adams ne, shahararren mai ɗaukar hoton nan na Amurka. A watan Nuwamba na 1941 yana tuƙi da yamma a jihar Niyu Meksiko, ya hango wata ya fito a saman ƙauyen Hernandez, ragowar hasken rana kuma yana kan fararen alamomin maƙabartar ƙauyen. Ya tsaya a gurguje ya kafa babbar kyamararsa, ya nemi na'urar auna haske ya rasa. Sai ya tuna adadin hasken da wata ke bayarwa, wanda ya riga ya haddace, ya yi lissafi da ka, ya ɗauki guda ɗaya. Kafin ya juya fim ya ɗauki na biyu, hasken ya bar maƙabartar. A ganina labarin ba ya goyon bayan gaggawa. Wanda ya haddace hasken wata mutum ne da ya yi shekaru yana kallonsa yana aunawa, kuma wannan tarin ne ya ba shi damar yin sauri a ranar da sauri ya zama dole.

Kada ka naɗe kaya da faɗuwar rana

Na taɓa yin wannan kuskure a bakin wani tafki. Rana ta faɗi cikin toka-toka, na ce yau babu rabo, na naɗe komai na kama hanya. Ina tsakiyar ciyawa, nesa da ruwan, na ga hannuna ya yi ja. Na ɗaga kai, sama duk ta kama wuta. Kafin in koma bakin ruwa in kafa ƙafa-uku, ta mutu.

Abin da ke faruwa shi ne, bayan rana ta ɓace maka, har yanzu tana haska gajimaren da ke can sama daga ƙarƙashinsu, kuma wannan yakan zo ne minti goma zuwa ashirin bayan faɗuwarta. A gabas kuma za ka ga wani ɗamara mai launin hoda, ƙarƙashinsa shuɗi mai duhu yana tasowa. Inuwar duniya ce kanta take hawa sama. Daga nan sai almuru, lokacin da komai ke komawa shuɗi, haske ya daidaita babu inuwa mai kaifi, ruwa ya kwanta. Masana taurari suna ƙirga zangon farko na wannan lokaci har rana ta kai digiri 6 ƙarƙashin ƙasa, kuma kusa da tsakiyar duniya bai fi minti ashirin da 'yan kai ba, don haka a nan ma saitinka ya zama a shirye. Ƙiftawa za ta yi ta tsawo, daƙiƙa 2, 8, 30; ka riƙa duba histogiram saboda allon kyamara a duhu yana yaudara, yakan nuna hoton ya fi yadda yake haske. In kana son idonka ya saba da duhun, ka rage hasken allon ka bar tocila a kashe, domin ido na bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya gama buɗewa.

In safiya ka zaɓa, duk wannan a juye yake zuwa, wato sai ka isa tun da duhu. Ladar sammakon ita ce iska ta fi kwanciya da asuba, kuma in dare ya yi garau babu iska bayan ƙasa ta jiƙe, akwai kyakkyawan zaton samun hazo kwance a kwari.

Rubuta, sannan ka dawo

Kafin ka bar wurin, ka rubuta layi uku ko huɗu a ɗan littafi: kwanan wata, lokaci, inda rana ta faɗi, da abin da ya rasa. Misali, "dutsen hagu bai sami haske ba, a gwada in rana ta karkata kudu," ko "wurin nan na safiya ne." Zuwan farko sau da yawa leƙen asiri ne kawai, kuma komawa gida ba hoto ba asara ba ce in littafin ya ƙaru.

Masu zane sun riga masu kyamara gane wannan. Claude Monet na Faransa ya zana tarin dammunan hatsi da ke wata gona kusa da gidansa a Giverny har sau 25 tsakanin 1890 da 1891, da safe, da yamma, cikin ƙanƙara, cikin hazo. Dammunan ba su motsa ba, hasken ne bai taɓa maimaita kansa ba. Kai ma ka zaɓi wuri guda da ba shi da wuyar zuwa, ka yi masa zuwa goma cikin shekara. A zuwa na huɗu ko na biyar za ka fara sanin abin da zai faru tun bai faru ba.

In kana son wata a hoton, ka je kwana ɗaya kafin ya cika. A ranar cikarsa yana fitowa ne daidai faɗuwar rana, kafin ya ɗago ƙasa ta yi duhu, sai ya fito fari fat babu zane a fuskarsa. Da yake kullum yana jinkirta fitowa da kamar minti 50, a jajibirin cikar yana fitowa tun rana ba ta faɗi ba, ka same shi a sama alhali tsauni na da sauran haske.

Hotunan kuma, in ka sauke su a kwamfuta, kada ka zaɓa a daren. Har yanzu sanyin wurin da wahalar hawan suna jikinka, za su sa ka so hoton da bai kai ba. Ka bar su mako guda. In ka dawo, ka buɗe littafinka ka karanta jimlar da ka faɗa wa kanka a zaman farko, ka jera hotunan 12, ka ware wanda ya faɗi abin da jimlar ta faɗa. In babu, ka duba kalanda ka sa ranar komawa.